Abdurrahman Assufi da Ɗan Gajimaren da Ya Gani

An haifi Abdurrahman Assufi a birnin Rayyu, cikin ƙasar Farisa, a shekara ta 903 ta Miladiyya. Ya shahara ga ilmin taurari, har Sarki Adududdaula ya jawo shi fada ya girmama shi.

A zamanin nan littafin da masana ke dogara gare shi, shi ne na Badlamus, mutumin Iskandariya, wanda ya rigaye su da shekara wajen 800. Da yawa sukan kwafi abin da ya faɗa, ba su ɗaga kai sun dubi sama ba. Assufi kuwa bai yarda da wannan ba. Ya bi taurarin ɗai ɗai da idonsa, yana gwada haskensu da abin da ke rubuce, inda ya ga kuskure ya gyara. A 964 ya gama littafinsa, Suwarul Kawakib, ya zana surori 48 na taurari, kowace sau biyu.

To, cikin surar da Turawa ke kira Andiromeda ya lura da wani ɗan fari-fari dushi-dushi, kamar ɗan gajimare. Badlamus bai ambace shi ba, ba kuwa wanda ya san ko mene ne. Duk da haka ya rubuta shi, ya nuna wurinsa. Ya rasu a 986.

Sai a 1923 Edwin Habul na Amurka ya dubi wannan abu da madubin hangen nesa mai faɗin inci 100, ya sami wani tauraro ciki wanda haskensa ke ƙaruwa yana raguwa, da shi ya auna nisansa. Ashe ba gajimare ba ne, wani gungun taurari ne dubban miliyoyi, dabam da namu da rana ke ciki. Haskensa kan yi shekara wajen 2,500,000 yana tafiya kafin ya iso gare mu. Mu ma muna iya ganinsa wajen arewa da kaka, in babu farin wata ko hazo.

'Yan'uwa, mu da za mu fita mu koyar da yara, abin lura ke nan. Littafi jagora ne, amma bai ɗauke mana duba da ido ba. In yaro ya ga abin da babu a littafi, kada mu kwaɓe shi, mu ce ya rubuta. Allah ya jiƙan Assufi, amin.