Alhaji Abubakar Imam Na Kagara, Malamin Makaranta

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a shafinmu na Hausa in kawo tarihin wani mutumin ƙasarmu, watau marigayi Alhaji Abubakar Imam. Kowa ya san shi da littattafai da jarida, amma kaɗan ne cikinmu su ke tunawa da cewa aikin da ya fara koya, wanda kuma aka ba shi satifiket a kansa, shi ne wannan da mu ke koyo a nan Minna. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, na lura waɗansu 'yan'uwana ɗalibai sun ɗauki kwalejin horon malamai kamar rumfar tasha, wurin da mutum zai fake kafin motar wani aiki ta zo. To, bari mu ga inda wannan hanya ta kai wani.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a Kagara. A zamanin nan garin yana cikin Lardin Kwantagora, yanzu kuwa yana cikin Jihar Neja. Wanda ya tashi daga Minna ya bi ta Zungeru da Tegina zai kai can. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, ya kuma yi alƙalanci a Kagara. Saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga allo da tawada da littattafan Larabci cikin gidansu, kuma da su ya fara karatu.

Yana da wa, shi ne Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da shekara ashirin da ɗoriya, yana aikin koyarwa a Katsina. A shekarar 1922 aka kai Abubakar wurinsa, ya shiga makarantar lardi ta Katsina. Ku duba nisan Kagara da Katsina a taswira, ku tuna yaro ne mai shekara 11, sa'an nan ku tuna yadda tafiya ta ke a wancan zamani. Da ya gama wannan makaranta, sai ya shiga Kwalejin Katsina a shekarar 1927.

Ya kamata in tsaya in yi bayanin wannan kwaleji, gama ita ce kakar dukan kwalejojin malamai na Arewa. Ta fara aiki a shekarar 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Dalilin kafa ta shi ne, makarantun lardi sun rasa malamai 'yan ƙasa masu zurfin ilmi. Sai aka riƙa zaɓo yara masu ƙoƙari daga lardi-lardi, a horar da su shekara 5, kowa ya koma ƙasarsu ya koyar. Ana karanta Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci, da kuma dabarun koyarwa. An matsa wa Turanci ƙwarai, har aka riƙa gane mutanen Kwalejin Katsina da kyan lafazinsu. Malam Bello, wan Abubakar, yana cikin malaman Larabci da addini a wurin.

A can Abubakar ya tarad da Ahmadu Raɓa, wanda ya shiga a shekarar 1926, shi ne ya zama Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Bayan shigar Abubakar Imam da shekara guda kuma wani yaro ya zo daga Bauci, shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Dukansu alli aka koya musu riƙewa. Daga baya aka mai da kwalejin Kaduna a shekarar 1938, aka sāke mai da ita Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa.

Abubakar Imam ya fita a shekarar 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Midil ta Katsina. Bai daɗe da kama aiki ba sai wani al'amari ya taso. A Zariya akwai ofishin fassara, shugabansa wani Bature ne, Dokta R. M. East. Ya ga ana koya wa yara karatun boko, amma in sun iya babu abin da za su karanta don nishaɗi. To, ina amfanin a wasa wuƙa in babu abin yanka? Saboda haka a shekarar 1933 ya zaga garuruwa, ya nemi malamai su rubuta labaru na ƙagawa da Hausa, a yi gasa. Littattafai 5 aka buga daga abin da aka samu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi Dokta East. Ga wa da ƙane daga gida guda na Kagara cikin mutum biyar ɗin nan. Abubakar kuwa shekararsa 22 kacal sa'ad da ya rubuta nasa, watau tsaran yawancinmu ne. Bai kuma manta da ƙasarsu ba, don Alhaji na cikin labarin, abokin karawar Malam Zurƙe, mutumin Kwantagora ne.

Dokta East ya ga hannun saurayin nan, sai ya roƙa aka ba da aronsa zuwa Zariya a shekarar 1936, don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya karanta, ya zaɓa, ya sāke ƙera su, har mai karatu ya rantse a wani gari na ƙasar Hausa abin ya faru. Wannan shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939.

A nan ne na ke so 'yan'uwana su lura, don a ganina aikin malamin aji ne ya fito a fili cikin littafin nan. Malamanmu na dabarun koyarwa kullum suna faɗa mana abu uku: a fara da abin da yaro ya sani kafin a kai shi ga wanda bai sani ba, a kama hankalinsa tun daga farkon darasi, a kuma yanka darasi daidai abin da zai iya haɗiyewa. To, ku ɗauki littafi na ɗaya ku gani. Ya zuba baƙin labaru cikin kasuwa da fada da zauren alƙali, wuraren da kowane yaro ya sani. Ya sa aku yana ba da labari don ya tsare ɗan sarki Musa kada ya fita, saboda haka ko an gama labari guda, ran yaro na wurin abin da zai biyo baya. Kowane labari kuma gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya. A littafi na uku ma akun nan malami ya koma sosai, yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake sarrafa magana. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara talatin da rana tsaka ba, yana ganin idonsu na lumshewa, da wuya ya san waɗannan dabaru.

A watan Janairu na shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara 12. Sai ajinsa ya zama Arewa duka. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a wannan shekara, ya riƙa bayyana wa mutane labarinsa da Hausar da manomi zai gane in an karanta masa a dandali. Ya kuma buɗe fili ga masu aiko da wasiƙu, mutane suka koyi faɗin ra'ayinsu a rubuce.

A shekarar 1943 ya tafi Ingila tare da waɗansu editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya sadu da Lord Lugga, ya bayyana masa abubuwan da ke damun Arewa, musamman ƙarancin ilmi, da yadda ba a jin shawarar samarin da suka yi makaranta. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya zauna a majalisa, daga 1955 kuma ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a shekarar 1968. Ya rasu a Zariya a shekarar 1981, yana da shekara 70.

Kwalejin Katsina an gina ta ne domin 'ya'yan Musulmi na ƙasashen sarakuna, saboda haka irina da ya fito daga makarantar Mishan ba shi da wuri a cikinta a wancan zamani. Amma littattafan ɗalibinta ba su tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba. Bagwari da Banufe da Bakambari da Bahaushe duk sun yi dariyar Malam Zurƙe, da yawa kuma ta nan suka fara son karatu. Yau ga mu duka a aji guda.

Zamani ya sāke. Shi ya yi shekara 5, mu shekara 3 mu ke yi mu sami takardar NCE, mu yi koyarwar gwaji, sa'an nan mu nemi rajista wurin hukumar rajistar malamai da aka kafa a shekarar 1993. Wahalar aikin ma ta sāke kama. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara, garin da aka haifi mutumin nan, suka kwashe ɗalibai da malamai, sai bayan kwana 10 aka sako su. Irin waɗannan garuruwa ne za a tura waɗansunmu, inda iyaye ke tsoron sakin 'ya'yansu, littafi kuma ya yi ƙaranci. In malamin da aka tura ya je da rabin zuciya, wa zai riƙe yaran?

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, kada mu rena darasin dabarun koyarwa da tsara darasi, mu ce na cin jarrabawa ne kurum. Kowa kuma ya gwada rubuta ɗan labari guda da harshen da yaran ajinsa ke ji, ko Hausa ko Gwari ko Nufanci, ya tafi da shi koyarwar gwaji, ya karanta musu ya ga yadda za su yi. Da haka Malam Abubakar ya fara. Allah ya jiƙansa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.