Ellen Richards: 'Yar Mai Kanti Da Ta Shigar Da Ilimin Iyali Jami'a

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun leƙa ƙasar Amurka domin kawo muku labarin wata mata da ta rasu fiye da shekaru 100 da suka wuce, amma har yanzu ana cin moriyar aikinta. Dalilin da ya sa muka zaɓo ta shi ne, sau da yawa mukan ji 'yan kasuwa suna ƙorafi idan 'yarsu ta ce za ta karanta ilimin kula da gida da iyali a jami'a, suna cewa yaya za a kashe kuɗi a kan abin da uwa za ta koyar kyauta a gindin murhu. To ga tarihin matar da ta kafa wannan fanni, sai kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Sunanta Ellen Swallow, wadda bayan aure aka fi sani da Ellen Richards. An haife ta ranar 3 ga Disamba, 1842, a wani ƙauye mai suna Dunstable a jihar Masacuset, kuma ita kaɗai iyayenta suka haifa. Uwa da uba duk sun taɓa koyarwa, saboda haka a gida ta fara karatu. A 1859 mahaifinta ya bar noma ya koma garin Westford ya buɗe kanti, domin 'yarsa ta samu makaranta mai kyau. A nan Ellen ta saba da awo da lissafi da hulɗa da masu saye, domin idan ta taso daga makaranta kanti take nufa ta taya mahaifinta ciniki.

Da ta gama wannan makaranta babu kuɗin ci gaba. Ta yi shekaru tana koyarwa, tana aiki a gidajen mutane, tana kuma jinyar mahaifiyarta mai yawan laulayi, har ta tara dala 300. Da wannan guzuri ta shiga kwalejin mata ta Vassar a 1868, tana da shekaru 25, ta kammala a 1870. Fannin da ya fi jan hankalinta shi ne kimiyyar sinadarai, amma duk inda ta nemi aiki sai a ce ba a ɗaukar mata.

Daga nan ta nemi shiga babbar cibiyar fasaha ta Masacuset da a lokacin take birnin Boston, wadda aka fi sani da MIT. Ba a taɓa ɗaukar mace a wurin ba. An karɓe ta a matsayin ɗaliba ta musamman, aka kuma yafe mata kuɗin makaranta. Da farko ta ɗauka tausayi ne, daga baya ta gane cewa dabara ce: idan wani ya yi ƙorafi, hukumar makarantar za ta iya cewa ai ba cikakkiyar ɗaliba ba ce. Ta fara karatu a watan Janairun 1871, kuma cikin wannan shekarar mahaifinta ya rasu sakamakon haɗarin jirgin ƙasa. Duk da haka ta daure ta samu digirinta a 1873. A 1875 ta auri Robert Richards, malamin haƙar ma'adinai a makarantar, wanda ya ba ta goyon baya har ƙarshen rayuwarta.

Da ta samu shiga, sai ta riƙe wa 'yan'uwanta mata ƙofa. A 1876 ta nemo tallafin wata ƙungiyar mata ta Boston aka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na mata a MIT, inda ta yi shekaru bakwai tana koyarwa ba albashi. An rufe ɗakin a 1883 bayan makarantar ta amince mata su riƙa shiga aji ɗaya da maza. A 1884 aka naɗa ta malamar kimiyyar tsabta, muƙamin da ta riƙe har mutuwarta.

Abin da ya fi shafar mu mutanen kasuwa shi ne yaƙin da ta yi da algus. A wancan zamani birane na cika da baƙi masu neman aiki a masana'antu, kuma mutanen da a dā suke cin abin da suka noma sun koma saye a kanti. Wasu 'yan kasuwa suka samu dama suna gauraya kayan abinci da abubuwa masu araha domin su ƙara auki. A 1878 da 1879 Ellen da ɗalibanta suka riƙa sayo kayan masarufi daga kantuna suna gwada su a ɗakin bincike. Sakamakon aikin yana cikin abubuwan da suka taimaka jihar Masacuset ta kafa dokar hana algus a abinci da magani a 1882, tun kafin gwamnatin tarayyar Amurka ta yi irin tata a 1906. Ta kuma rubuta littafi kan kimiyyar girki da wanki, da wani kan kayan abinci da yadda ake yi musu algus, domin matar gida ta iya gane na kirki da na banza.

Babban aikinta na biyu a kan ruwa ne. A 1887 hukumar lafiya ta jihar ta sa aka binciki ruwan da jama'a ke sha, kuma ita ta jagoranci gwajin samfuri fiye da dubu 20 daga koguna da tafkuna. Dabarar da aka bi mai sauƙin fahimta ce. Ruwan da ke kusa da teku yana da ɗan gishiri bisa ɗabi'a, kuma gishirin yana raguwa gwargwadon nisan wuri daga gaɓa. Sai aka zana taswira mai nuna adadin da ya kamata a samu a kowane yanki. Duk inda aka tarar gishirin ya zarce wannan adadi, alama ce ƙazantar mutane ko ta masana'anta tana malala cikin ruwan. Wannan bincike ne ya kai ga kafa ma'aunin ingancin ruwa na farko da wata jiha ta yi a Amurka.

Ba kowane shiri nata ne ya yi nasara ba. A 1890 ita da Mary Abel suka buɗe wani gidan abinci a Boston domin sayar wa leburori abinci mai gina jiki da araha. An auna komai bisa ƙa'idar kimiyya, amma baƙin da suka zo daga ƙasashen Turai ba su yi tururuwa ba, domin kowa ya fi son ɗanɗanon miyar gidansu. Wannan darasi ne da duk mai tebur a kasuwa ya sani: kaya ko sun kai kyau, sai mai saye ya so. Amma wahalar ba ta tafi a banza ba. A 1893 ta baje irin wannan girki a babban bikin baje koli na birnin Cikago, kuma daga 1894 gidan abincin ya fara dafa wa ɗaliban makarantun Boston abincin rana.

Duk waɗannan ayyuka sun nuna mata abu ɗaya, wato lafiyar gari daga gida take farawa, kuma ruwa da abinci da iska da kasafin kuɗin cefane da tarbiyyar yara suna buƙatar ilimi kamar yadda gina gada yake buƙata. A 1899 ta jagoranci wani taro a Lake Placid da ke jihar New York, aka ci gaba da yin sa shekara-shekara, inda aka tsara darussan da za a koyar daga firamare har jami'a, aka raɗa wa fannin suna ilimin tattalin gida. A ƙarshen 1908 aka kafa ƙungiyar masana fannin ta ƙasa baki ɗaya, aka zaɓe ta shugabar farko. A 1910 kwalejin Smith ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu ranar 30 ga Maris, 1911, a gidanta da ke Boston, tana da shekaru 68. Allah bai ba ta haihuwa ba.

Bayan rasuwarta an samu masu sukar fannin da cewa ya sake mayar da mata kicin. Wasu kuma suka kare ta da cewa ta wannan hanya ce dubban mata suka fara samun gurbin karatun kimiyya da aikin koyarwa a jami'o'i, a lokacin da sauran ƙofofi ke rufe. Fannin ya yi rassa, har a 1994 ƙungiyar da ta kafa ta sauya suna zuwa ta kimiyyar iyali da masu saye. A yau ɗalibin da ya shiga wannan sashe yakan karanta girman yaro da tarbiyyarsa, zamantakewar aure, abinci mai gina jiki, tattalin kuɗin gida da kula da tsofaffi. Daga nan yakan yi aiki a makarantu, asibitoci, ofisoshin jin daɗin jama'a ko ƙungiyoyin agaji.

Mu da muke zagaya kasuwannin kan iyaka mun san yadda mudu da tiya suke da daraja, mun kuma san yadda buhu ɗaya mai algus yake zubar da mutuncin layi guda. Mun san yara nawa gudawa take kayarwa da damina saboda ruwan rijiya mara murfi. Waɗannan su ne matsalolin da 'yar mai kantin nan ta ƙarar da rayuwarta a kansu. Don haka idan 'yarka ko ɗanka ya zo maka da zancen karanta ilimin iyali, Alhaji, ka zauna ka tambaye shi darussan da za a koya masa da aikin da zai yi bayan ya gama, kafin ka yanke hukunci.

Sai mun sake haɗuwa a wannan fili. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.