Nana Asma'u Ta Ishe Mu Hujja

Malam Edita,

Don Allah ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tuna wa 'yan'uwa tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, saboda masu cire 'ya'ya mata daga makaranta suna fakewa da addini.

An haifi Nana a Ɗagel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar yaƙi da yunwa tare da jama'a, amma duk wannan bai hana ta karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta san fiƙihu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aurenta da Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai sa ta ajiye alƙalami ba.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Da ta ga matan ƙauye ba su iya barin gidajensu su zo Sakkwato, sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa. Su ne ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar. Ta tsara darussan cikin waƙe, yadda mace za ta haddace tauhidi da hukuncin salla ko tana daka ko kaɗi. Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

To jama'a, wa ya fi Shehu kishin addini a ƙasar nan? Ai shi ne a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Kuma ba daga kansa aka fara ba. Aya ta 35 a Suratul Ahzabi ta jera maza da mata a lada ɗaya, Nana A'isha kuwa ta ruwaito hadisi sama da 2,000.

Saboda haka iyaye mu ji tsoron Allah. In an raba yarinya da allo aka ɗora mata farantin talla, kada a ce Musulunci ne. Allah ya jiƙan Nana, ya sa mu gane, amin.

Mai karatunku a kullum,
Gusau.