Hendrik Lorentz (1853–1928) da Faɗaɗar Layukan Haske

An haifi Hendrik Antoon Lorentz a garin Arnhem na ƙasar Holan ranar 18 ga Yuli, 1853. Mahaifinsa mai sana'ar renon dashe ne. Ya shiga Jami'ar Leiden a 1870, amma a 1872 sai ya koma gida ya kama koyarwa a makarantar dare. A cikin wannan hali ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda haske ke dawowa da yadda yake karkata in ya ratsa wani abu, ya kammala a 1875. A 1878, yana ɗan shekara 24, ya zama farfesan fiziks a Leiden. A 1902 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da ɗalibinsa Pieter Zeeman, saboda nazarin tasirin maganaɗisu a kan haske.

Aikin da za mu tsaya a kansa bai kai wannan shahara ba. Idan haske ya ratsa wata iska, aka baza shi da gilashi mai kusurwa uku, sai ya fito launi-launi kamar bakan gizo, tare da wasu siraran layuka masu duhu. Wurin layukan shi ne inda iskar ta shanye hasken. Kowace iska da irin layukanta, kamar yadda tsagar fuska kan nuna asalin mutum a da. To amma an lura cewa in aka ƙara matse iskar, layukan sukan yi faɗi su dushe. A 1895 Albert Michelson na Amurka ya danganta wani ɓangare na wannan da karon da ƙwayoyin iska ke yi da juna. Lorentz ne ya zaunar da batun da lissafi a 1906.

Ga yadda abin yake. Mai busa sarewa in ya ja sauti ɗaya ya daɗe, kunne zai tantance tsayin sautin sarai. Idan kuwa ana ture shi ana katse busar akai-akai, sautin ba zai tsaya a wuri guda ba. Haka ƙwayar iska: tana cikin fitar da haske ko shanye shi sai wata ta bangaje ta. A iskar da muke shaƙa, kowace ƙwaya kan yi karo sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Lorentz ya nuna cewa gwargwadon yawan karo, gwargwadon faɗin layi. Don haka in matsi ya ninka biyu, zafi bai sake ba, faɗin ma kan ninka biyu. Ya kuma fito da siffar layin: tozo a tsakiya, gefe biyu suna sauka a hankali. Har yau da sunansa ake kiran wannan siffa.

Lissafin nasa yana da iyaka, domin a lokacin ba a san ainihin ginin ƙwayar zarra ba. Ƙwayoyin iska masu zarra biyu, irin su oksijin da kabon monoksaid, suna juyawa suna kuma karkarwa, shi ya sa layukansu ke da yawa a jere, su riƙa shiga juna in matsi ya ƙaru. Van Vleck da Weisskopf sun gyara lissafin a 1945, Philip Anderson ya faɗaɗa shi a 1949, amma harsashin na Lorentz ne. A ganina nan ne amfaninsa ya fi fitowa, domin taurarin ɗan'adam na hasashen yanayi suna auna zafin sama hawa-hawa ta layukan oksijin da ke wajen gigahaz 60. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne layukan suna da faɗi kusa da ƙasa inda matsi ya yi yawa, suna sirancewa in aka yi sama.

A 1912 ya koma Gidan Tarihi na Teyler a Haarlem, amma bai bar allo ba: kowace Litinin yakan je Leiden ya ba da lacca. Shi ya shugabanci tarukan Solvay na masana fiziks daga 1911 zuwa 1927. Daga 1918 zuwa 1926 ya jagoranci kwamitin da ya lissafa yadda ruwan teku zai tashi in aka datse mashigin Zuiderzee, aka kuwa gama madatsar mai tsawon kilomita 32 a 1932, bayan mutuwarsa.

Ya mutu a Haarlem ranar 4 ga Fabrairu, 1928. Ranar jana'izarsa, da tsakar rana, an dakatar da wayar tarho da ta tangaraho a Holan na minti 3.