Dakta Niels Bronnum: Likitan da ya dasa ɗariƙar Luther a Numan

Matafiyin da ya ratsa Birnin Kudu da Gwaram da Basirka, ya bi ta Gombe zuwa Numan, zai ga allunan majami'u masu sunaye iri-iri: ECWA, COCIN, EYN, LCCN. Duk 'yan Furotesta ne, amma kowa da gidan da ya fito. LCCN, wato majami'ar mabiya Luther a Arewa, tushenta wani likita ne ɗan ƙasar Denmark, Niels Bronnum.

An haifi Bronnum a 1882, a ƙasar da ta rungumi koyarwar Martin Luther tun 1536. Luther shi ne malamin Jamus da ya ƙalubalanci majami'ar Katolika a 1517, yana koyar da cewa ceto ta wurin bangaskiya yake, kuma Littafi Mai Tsarki shi ne hujja ta ƙarshe. A kan wannan duk 'yan Furotesta suka haɗu. Sai dai tun a 1529, a garin Marburg, Luther ya saɓa da Zwingli na Suwizalan game da Jibin Ubangiji. Luther ya dage cewa Almasihu yana cikin gurasar da ruwan inabin a haƙiƙa, Zwingli kuwa ya ɗauke su alama ce ta tunawa. Haka kuma mabiya Luther suna yi wa jarirai baftisma, alhali wasu ɗariƙu sai mutum ya girma ya furta da bakinsa.

Duk da wannan saɓani, Bronnum bai zo Nijeriya ƙarƙashin tutar ɗariƙarsa kaɗai ba. Ya shigo ne ta ƙungiyar mishan ta SUM, wadda Bajamushe Karl Kumm ya kafa a 1904, ya tara 'yan Furotesta na ɗariƙu daban-daban domin kai bishara ga ƙabilun da ba su karɓi Musulunci ba. An kafa reshenta na Denmark a 1911. Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, sai aka raba wa rassan yankuna, Danawa suka sami ƙasar Bachama.

Tafiyar ta zo da rashi. A 1913 Bronnum da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose, suka yada zango a Rumasha, bakin Binuwai, don koyon Hausa. Nan Margaret ta rasu bayan haihuwa. Rose ta koma Turai da jaririn, shi kuwa ya ci gaba da tafiya, ya isa Numan a watan Oktoba na shekarar. Da magani ya fara, sannan karatu. Ya koyi harshen Bachama, ya fassara Bisharar Markus, kuma a 1916 aka yi baftisma ta farko.

Tsarin da ya shigo a cikinsa shi ya zama halin majami'ar. Ta riƙe baftismar jarirai da littafin koyarwa na Luther, ba ta kuma yanke zumunci da maƙwabta ba. Hausa ce ta sauƙaƙa wannan, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, domin da shi Babachame da Ba'angashe suke ibada. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A 1955 majami'ar ta shiga cikin waɗanda suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN, inda take zaune da EYN mai baftismar manya, da magadan koyarwar Calvin irin su NKST ta ƙasar Tiv. Kowa ya riƙe aƙidarsa, aka yi tarayya a kan abin da aka yarda da shi.

Bronnum ya koma Denmark, ya ci gaba da yi wa ƙungiyar hidima, ya rasu a 1966. Ya rayu har ya ga Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci majami'ar a 1960. A 2017 kuma, shekara 500 da yunƙurin Luther, aka zaɓi Babban Bishop na LCCN, Musa Panti Filibus, ya shugabanci Tarayyar Mabiya Luther ta Duniya.