Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Ya Rubuta Maganin Ciki

Jama'a, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa. Galibinmu mun san shi da mulki da yaƙi, amma ba kowa ya san shi da ilimin magani ba, musamman na ciki.

An haife shi a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sannan ya gaji Shehu a 1817.

'Yan'uwanmu mutanen Bauchi da ke zaune tare da mu a nan zango, musamman waɗanda suka taso a Ƙofar Ran, su ma suna da rabo a labarin. Malam Yakubu, wanda ya kewaye garinsu da ganuwa, almajirin Shehu ne. Ya aika wa Bello tambayoyi, Bello ya amsa masa da littafi guda, Alƙaulul Mauhub.

To, mu koma kan ciki. Duk da ɗawainiyar mulki, Bello ya zauna ya rubuta Alƙaulul Mansur a kan ciwon basir da magungunansa. Ya kuma rubuta wani a kan yadda ake sassauta ciki da ganyen sana, wato filasko, wanda ya zo a hadisi. Kun ji fa, Sarkin Musulmi sukutum yana rubutu a kan abin da yawancinmu ke jin kunyar faɗa wa likita! A ganinmu ya fahimci cewa wanda cikinsa ya ɗaure, ko basir ya hana shi zama, ba ya jin daɗin salla, balle karatu ko noma.

Likitocin yau sun ƙara haske a kan wannan. A jikin hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, kuma akwai babbar jijiya da ke kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa fargaba kan sa mutum gudawa, ciwon ciki kuma kan kawo ƙunci da rashin barci. Shi kansa filasko ba ya aiki sai ya isa babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune a ciki suke sarrafa shi, sannan hanji ya motsa. Amma fa na ɗan lokaci ne. Mai shan sa kullum da sunan wankin ciki yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa. Muna faɗin haka ne saboda masu tallar maganin basir da lasifika sun cika mana tasha, alhali yawan basir daga taurin bayan gida da yunƙuri yake. Ruwa, wake, zogale da miyar kuka sun fi wata kwalbar amfani. In kuwa an ga jini, sai asibiti.

Bello bai rufe ƙofa ga ilimin baƙi ba. Da Baturen Ingila Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita. Ikon Allah, da Baturen ya sake dawowa, ciwon atini ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato cikin Afrilu 1827.

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a ribaɗin Wurno. A can ya rasu a 1837, bayan shekara 20 yana sarauta, kuma a can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Malam Yakubu na Bauchi kuwa sai a 1845 ya bi shi.