Jerzy Grotowski: Ɗan Wasan da Ya Sallami 'Yan Kallo

An haifi Jerzy Grotowski a garin Rzeszow na ƙasar Foland ranar 11 ga Agusta, 1933. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a birnin Krakow, sannan ya ƙaro ilmi a Mosko. A shekarar 1959 aka damƙa masa wani ɗan ƙaramin ɗakin wasa a garin Opole mai layin kujeru 13 kacal, daga baya ya koma Wroclaw a 1965.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne ragi. Ya lura cewa dandamali ba zai taɓa kamo sinima wajen ƙawa ba, sai ya watsar da kwalliya da kayan ado da kiɗan na'ura, ya bar ɗan wasa da mai kallo kawai. Wannan shi ya kira wasan talaka, kuma a kansa littafinsa na 1968 ya yi bayani.

Ragin bai tsaya ga kaya ba. Masanin halayyar ɗan Adam, Carl Jung, yana ganin kowa na da fuskar da yake nuna wa jama'a, a ƙarƙashinta kuma akwai tsoro da bege da tsofaffin siffofin da dukkan mutane suka gada. Grotowski ya karanta Jung, ya kuma nemi ɗan wasa ya yaye wannan fuska a gaban mutane. Jaruminsa Ryszard Cieslak ya shafe watanni suna aiki su biyu kafin wasan yarima mai haƙuri na 1965. A dandamali ana azabtar da yariman, alhali abin da Cieslak ya gina motsin jikinsa a kai shi ne tunanin soyayyarsa ta farko.

Wanda ya tashi a Gashuwa ko Nguru zai ce ai wannan bori ne. A ganina akwai bambanci babba. A wajen 'yan bori iska daga waje take zuwa ta hau dokinta, idan ta sauka sau da yawa ba ya tuna komai. Shi kuwa Grotowski abin da ke cikin mutum yake haƙowa, ɗan wasa yana cikin hayyacinsa, ya kuma haddace kowane taku.

Tun daga 1970, lokacin da sunansa ya fi tashe, bai ƙara shirya sabon wasa ba. Ya shiga yawon nazarin tsofaffin al'adu a Haiti da Indiya da Meziko. Ya bar Foland a 1982 bayan an kafa dokar soja, ya zauna a Amurka, sannan a 1986 ya tare a Pontedera ta Italiya. A can ya yi ta aiki da matasa kaɗan a kan tsofaffin waƙoƙin Haiti masu asali da Afirka, ba tikiti, ba tafi, sai baƙon da aka gayyata jifa-jifa. Ya mutu a garin ranar 14 ga Janairu, 1999, yana da shekara 65.